Ranar Ganawa: Abin da Mai Neman Aiki Zai Faɗa da Bakinsa



Duk wanda hanya ta taɓa bi da shi ta ƙofar wani biro a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ranar da ake ɗaukar ma'aikata, ya san abin da za mu faɗa. Dogon benci a inuwar baranda, samari da ƴan mata a jere, kowa rungume da jakar takardunsa, ba mai ce wa ɗan uwansa uffan. Ƙofa ta buɗe, a kira suna, mutum ya miƙe ya shiga. Bayan minti 15 ko 20 ya fito, a kira wani. Cikin wannan ɗan lokaci, wanda ko shayin farko bai isa ya dahu ba, ake yanke hukunci kan wahalar shekaru: karatun da uwaye suka sayar da tumaki suka ɗauki nauyinsa, ko sana'ar da aka koya a gareji cikin baƙin mai, da kuma begen gida guda da ke jiran albashin farko.

Wannan zama shi ne ake kira «antiretiyen» da Faransanci, mu kuwa bari mu ce masa ganawa. A da, yaron da ya fito lakwal da takardarsa gwamnati ce ke jiransa da aiki. Yau ba haka zancen yake ba. Aikin gwamnati sai ta hanyar kwankur, gurabe kaɗan ne, masu nema kuwa ga su nan tuli. Bayan Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, tun 2010 Maraɗi da Tawa da Damagaram kowace ta samu tata jami'a, ga makarantun fasaha, ga cibiyoyin koyon sana'a a garuruwa, kowace shekara suna yaye dubban matasa. Yawancinsu za su nemi abinci ne wajen kamfanoni, da bankuna, da ƙungiyoyin raya karkara, da manyan ƴan kasuwa, kuma kusan duk waɗannan ba su ɗaukar mutum sai sun zauna da shi ido da ido. Ba masu manyan difulom kaɗai abin ya shafa ba. Direba, da mai gadi, da mai kula da mangaza, da ungozoma, da malamin gona, kowa sai ya ratsa ta wannan ƙofa.

To, mutane da yawa masu iya aiki suna faɗuwa a ganawa, kuma ba rashin sani ke kada su ba, tarbiyyar da muka ba su da hannunmu ce. Mun koya wa yaro ya sunkuyar da kai gaban babba, kada ya haɗa ido da shi, kada ya ja zance, kada ya faɗi alherin kansa, domin yabon kai jahilci ne. Tarbiyya ce mai kyau, ba mu ce a zubar da ita ba. Amma fa ranar ganawa an kira mutum ne musamman don ya yi magana a kan kansa, in kuwa ya yi shiru babu mai yi masa. Sai dai kafin a kai ga magana akwai takardu, kuma a nan ne wasu ke tuntuɓe tun ba a ga fuskarsu ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Dosiyen neman aiki a ƙasarmu sananne ne: takardar buƙata, wadda wasu wurare ke so a rubuta da hannu, da takardar tarihin karatu da aiki wadda ake kira CV, da takardar haihuwa ko hukuncin kotu da ke madadinta, da takardar shaidar ɗan ƙasa, da kwafin difulom da aka buga wa hatimi a ma'aikatar magajin gari ko a kwamisariya, da kaziye, wato takardar da ke nuna ko shari'a ta taɓa kama mutum da laifi. Sau da yawa a ƙara da takardar likita da katin hukumar ANPE. Ita wannan hukuma an kafa ta a 1996 domin haɗa masu neman aiki da masu ɗauka, tana kuma da biro a manyan biranen jihohi. Wanda ke neman aiki bai yi rajista a can ba, ya fara da wannan.

Kaziye ita ce mai wahalar da mutane. Akan so wadda ba ta wuce wata 3 ba, kuma akan karɓo ta a kotun yankin da aka haifi mutum. Wanda aka haifa a Tasawa yana zaune a Yamai, in ya bari sai saura kwana biyu a rufe karɓar dosiye, ya makara.

Akwai kuma wata masifa ta ɓoye wadda ba a cika lura da ita ba, wato saɓanin suna. Mutum guda ne, amma a takardar haihuwa an rubuta Mahamadou, a difulom Mamadou, a lasisin tuƙi Mohamed. Ko kuwa takarda ɗaya ta ce an haife shi «wajen shekara kaza», wata ta kawo rana da wata. Shi a wurinsa duk ɗaya ne, ai sunansa ne. A wurin mai tace dosiye kuwa mutum uku ne, kuma ba shi da lokacin bincike, sai ya ture takardun gefe ya ɗauki na gaba. Kowa ya baza takardunsa bisa tabarma tun yau, ya duba su harafi harafi. In akwai saɓani ya nufi inda aka yi takardar ko kotu a gyara, tun ba a yi sanarwar aiki ba. Ranar ganawa kuma a riƙo takardun asali cikin jaka, a jere, domin akan nemi ganinsu.

Game da CV, shafi ɗaya ko biyu sun isa, kuma kada a rubuta abin da ba za a iya karewa da baki ba. Wanda ya rubuta cewa ya iya Ingilishi sosai, ya sani wani cikin kwamiti na iya juya harshe ba tare da sanarwa ba, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Waɗanda aka sa sunansu a matsayin masu ba da shaida, a sanar da su tun da wuri, kada a kira tsohon maigida ya ce bai tuna da mai wannan suna ba.

Bayan takardu sai sanin wurin. Abin mamaki ne yadda mutum zai zo neman aiki a gidan da bai san abin da ake yi a cikinsa ba. Mai neman aiki a matatar SORAZ ya kamata ya san cewa tun 2011 take tace ɗanyen man da ake turowa daga Agadem. Mai nufin SONICHAR ya san gawayin ƙasa ake haƙowa a Anu Araren ana samar da lantarki da shi. Mai neman zama malamin gona a yankin Galmi, in bai san lokacin dashen albasa da lokacin cirarta da wahalar ajiyarta ba, me zai faɗa? Ba a ce mutum ya haddace tarihi ba. Ya tambayi wanda ya taɓa aiki a wurin, ya duba intanet in yana da hali, sa'an nan ya koma ga sanarwar aikin ya karanta ta sau uku, domin yawancin tambayoyin da za a yi masa suna kwance a cikinta. Kowane aiki da aka lissafa a sanarwar, ya tambayi kansa: a ina na taɓa yin irin wannan? Amsoshin nan ya faɗe su da murya, gaban aboki ko wani yayansa da ya san aikin biro. Abin da ke daidai a zuci sau da yawa yakan karkace in ya zo baki.

Sauran shiri ba ya buƙatar dogon bayani. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Maraɗi fiye da 600. Wanda aka kira babban birni ya iso da kwana guda a hannu, ya je ya ga ƙofar biron da idonsa, kada ya dogara ga mai kabu-kabu ya nemo masa ita da safe. Ya iso rabin awa kafin lokaci. Tufafi kuwa tsabta ake nema, ba tsada ba. Riga da wando wankakku gogaggu, ko kaftani da hula, ko atamfa da mayafi, duk sun wadatar. Kwat ɗin aro da ya yi wa mutum yawa, cikin zafin watan Afirilu, gumi kawai zai ƙara masa. A rage turare, a tofar da goro, a kashe salula tun a baranda.

Cikin ɗaki

A yi sallama, a jira a nuna wurin zama. Gaisuwarmu doguwa ce, ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina aiki, amma a nan zagaye ɗaya ya isa, domin akwai mutane a benci suna jira. Ba a durƙusawa, ba a tuɓe takalmi. Kada mai neman aiki ya fara miƙa hannu, ya bari su miƙo. Wanda ba ya musafaha da mace, ko wadda ba ta yi da namiji, a ɗora hannu a ƙirji da sakin fuska, kowa a ƙasar nan ya san ma'anar haka. «Ranka ya daɗe» da «ranki ya daɗe» suna nan da darajarsu, haka «mushe» da «madam» in da Faransanci ake zancen. Idan cikin kwamitin akwai wanda ka sani, ko da kawunka ne, ka gaishe shi kamar sauran. Nuna sanayya a wannan wuri kunya zai ba shi, kai kuma ya rage maka daraja a idon abokan zamansa.

Sai batun ido. Mai tambaya yana so ya ga fuskar wanda yake magana da shi, ai labarin zuciya a tambayi fuska. Ba a ce a ƙura wa dattijo ido kamar mai neman faɗa ba. A ɗaga kai, a dubi wanda ya yi tambaya lokacin da ake ba shi amsa, a waiwayi sauran jefi-jefi. A ɗaga murya kuma yadda za ta rinjayi ƙarar fanka. Amsa mai kyau da ba a ji ba, daidai take da wadda ba a bayar ba.

Kusan ko'ina tambayar farko ita ce: «Gabatar mana da kanka.» Wasu sai su faro daga kakansu da garin da ya taso, wasu su faɗi suna su yi tsit. Abin da ake so yana tsakani: suna, karatu ko sana'ar da aka koya, inda aka yi aiki ko sitaj, da dalilin neman wannan gurbi. Minti 2 sun isa.

A nan ne muke so mai karatu ya tsaya da kyau. Mu ɗauki misali. A ce wata ƙungiya na neman mai kula da mangazar hatsi a wani gari na jihar Tawa, mutum biyu suka kai ga ganawa. Na farko ya yi kwaleji, yana da takardarsa. Aka ce masa: «Me ka iya?» Ya sunkuyar da kai ya ce: «Ranka ya daɗe, duk abin da kuka sa ni zan yi, in Allah ya yarda.» Magana ce ta ɗan mutunci, amma ba ta ba kwamiti abin rubutawa ba. Na biyu ajin yaƙi da jahilci kawai ya yi. Aka yi masa wannan tambaya, ya ce: «Shekara 3 nake riƙe da littafin bankin hatsi na ƙauyenmu. Da kaka mukan sayi gero buhu 120 mu ajiye, mu sayar wa jama'a da damina. Kowane buhu da ya shiga ko ya fita ina rubuta shi da kwanan wata. A shekara ta biyu ƙwari sun ɓata mana buhu 4. Tun daga nan nake ɗora buhuna bisa katako nesa da bango, ina duba su kowace Juma'a. Ga kayen na zo da shi, in kuna so ku duba.»

Ku lura, mutumin nan bai ce shi mai amana ne ba, bai ce shi mai ƙwazo ne ba, bai ce ya fi kowa ba. Ko kalma ɗaya ta yabon kai ba ta fito bakinsa ba. Har asarar da aka yi a hannunsa ya faɗa. Amma duk wanda ke zaune a teburin ya ga amanar, ya ga ƙwazon. Bambancin ke nan tsakanin kirari da shaida. Kirari aikin maroƙi ne, kuma gaskiya ne bai dace mutum ya yi wa kansa ba. Shaida kuwa ita ce faɗin abin da ya faru, a ina, yaushe, nawa, kamar yadda ake yi gaban alƙali, kuma ba wanda ya taɓa cewa mai ba da shaida ya yi rashin kunya. Mai neman aiki shaida aka kira shi ya bayar a kan aikin hannunsa. Wanda ya fahimci wannan, kunyarsa ba za ta ɗaure masa harshe ba, kuma ba sai ya ari halin da ba nasa ba.

Saboda haka, tun a gida, kowa ya tanadi labari uku ko huɗu irin wannan daga rayuwarsa: wata matsala da ta taso, abin da ya yi, da yadda ta ƙare. Makanike ya tuna motar da ta gagari wasu ya gano ciwonta. Malamar asibiti ta tuna daren da haihuwa ta zo da gardama da matakin da ta ɗauka kafin a kai mai naƙuda babban asibiti. Kada kuma wani ya ce shi bai taɓa aiki ba don bai taɓa karɓar albashi ba. Macen da ta riƙe asusun ƙungiyar Mata Masu Dubara, irin waɗanda aka faro a jihar Maraɗi a 1991, ta karɓi zubi, ta ba da bashi, ta bi biya, ta raba riba a ƙarshen shekara ba tare da rigima ba, ta yi aikin kuɗi na gaske, ko da ba ta taɓa zama a biro ba. Ta faɗe shi da adadinsa: mata nawa, zubin nawa a mako, shekara nawa.

Wani abu kuma: mun saba cewa «mun yi», domin «na yi» tana yi mana nauyi a baki. A zaman duniya hakan ya fi kyau. Amma kwamiti ba ƙauyenku zai ɗauka aiki ba, kai zai ɗauka. Ka ce «mun gina rijiya 6, ni ne mai auna zurfi da lissafin siminti». Ka ba jama'a nasu, ka kuma nuna naka.

Game da harshe, Kundin Sake Gina Ƙasa da aka sa wa hannu ranar 26 ga Maris 2025 ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. A biro da yawa dai da Faransanci ake ganawa, musamman in aikin na rubuce-rubuce ne. Wanda Faransancinsa bai yi ƙarfi ba ya yi gajerun jimloli da kalmomin da ya sani, ya bar manyan kalmomin da ya ji a rediyo. In bai gane tambaya ba ya roƙi a maimaita, wannan ba aibi ba ne, aibin shi ne amsa tambayar da ba a yi ba. In kuwa aikin na cuɗanya da mutanen karkara ne, to jin Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Barbarci, ko Buzanci, jari ne babba. Wanda ya iya rubuta Hausa da boko har ya iya cika littafin ƙungiya ko rubuta rahoton taro, ya faɗa a fili, kada ya ɗauka ƙaramin abu ne.

Akwai tambayoyi masu tarko. «Me ya raba ka da wurin aikinka na da?» Ko an cuce ka, kada ka zagi tsohon maigidanka, kada ka tona asirin gidansa. Mai sauraro zai ce a ransa: gobe ni ne. Ka faɗi dalili a taƙaice, kwantiragi ya ƙare, ko aikin ya tsaya, ko kana neman ci gaba, ka wuce. «Mene ne rauninka?» Wanda ya ce ba shi da rauni ba a yarda da shi. A faɗi na gaskiya wanda ba zai rushe aikin ba, tare da abin da ake yi don gyara shi. In an tambayi abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka ƙara da yadda za ka nemo sanin. «Za ka yarda a tura ka Ngigmi ko Bilma?» Wannan tambaya a yi shawararta da iyali tun kafin ranar, domin wanda ya ce i don a ɗauke shi, sa'an nan ya ƙi tafiya, ya ɓata sunansa, ya kuma tare wa wani hanya.

Wasu ayyukan ba a tsayawa ga baki, sai an gwada. A ba sakatariya wasiƙa ta buga a kwamfuta, a ba mai lissafi ƴan alƙaluma, a miƙa wa direba makulli. Direban da ya zagaya motar, ya duba mai da ruwa da tayoyi kafin ya tayar, ya ci rabin jarrabawar tun bai motsa ba.

Zancen albashi

Nan ma kunya kan yi mana ɓarna. A ce wa mutum: «Nawa kake so a biya ka?» sai ya ce: «Duk abin da kuka ga ya dace.» Daga baya ya yi shekara yana gunaguni. Wani kuma ya faɗi adadin da zai sa kwamiti dariya. Maganin duka biyu shi ne tambaya tun kafin ranar: nawa ake biyan mai irin wannan aiki a wurare makamantan wannan? Sai a faɗi adadi tsakanin kaza da kaza, a bar ƙofar daidaitawa a buɗe. Kada dai mai neman aiki ya fara tayar da zancen kuɗi tun ba a gama jin abin da ya iya ba.

Ya kamata kowa ya san abin da doka ta ba shi. Dokar aiki ta ƙasarmu ita ce mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012. Ta sa mako na aiki awa 40. Albashi mafi ƙanƙanta, wanda ya daɗe a kan sefa 30.047 a wata, an ɗaga shi zuwa sefa 42.000, wato jikka 42, daga Janairun 2024. In an faɗa maka adadi, ka tambaya: wannan kafin a cire haraji da kason asusun CNSS ne, ko kuwa abin da zai shigo hannu ne? Tsakanin biyun akwai rata. Ka tambayi irin kwantiragin, mai wa'adi ne ko marar wa'adi, da tsawon lokacin gwaji. Galibi a ƙarshe akan ce: «Kana da tambaya?» To ga wurin yin waɗannan, tare da tambaya ɗaya ko biyu kan aikin kansa, misali wa zai zama shugabanka, da abin da ake so ka fara da shi. Wanda ya ce ba shi da tambaya ko ɗaya, kamar bai damu da aikin ba ne.

Aya ta 5 ta wannan doka ta hana mai ɗaukar aiki ya yanke hukunci bisa jinsi, ko addini, ko launin fata, ko asali, ko ra'ayin siyasa, ko naƙasa, ko ciwon sida, ko amosanin jini, ko shiga ƙungiyar ƙwadago. Dokar ta kuma haramta matsa wa mutum da neman lalata a wurin aiki. Ƴan uwa mata su riƙe wannan da kyau. Ganawa a biro ake yin ta, cikin lokacin aiki. Wanda ya ce a same shi a wani ɗaki da dare don a «ƙarasa magana», ba aiki yake bayarwa ba, kuma ofishin sufeton aiki yana nan a kowace jiha domin karɓar ƙara.

Tun da cikin masu karanta wannan shafi akwai shugabannin ma'aikatu da ke zama a ɗaya gefen teburin, bari mu ce musu kalma biyu. Kiran mutum 40 da ƙarfe 8 na safe, a bar su a rana har la'asar, ba gwajin haƙuri ba ne, rashin tsari ne. A raba musu lokaci. A yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, kowane ɗan kwamiti ya rubuta makinsa kafin a yi shawara, domin kada muryar babba ta danne ta sauran. In yaro ya shigo yana rawar jiki, kai a ƙasa, a tuna cewa mu muka koya masa haka. A sassauta masa da tambaya mai sauƙi, a ce ya ba da labarin aikin da ya yi jiya. Sau da yawa mai zaƙin baki ba shi ne mai aiki ba, kuma ma'aikatar da ta ɗauki baki ta bar hannu ita za ta biya kuɗin kuskurenta. Waɗanda ba a ɗauka ba kuma a sanar da su, ko da da gajeren saƙo ne. Akwai wanda ya ci bashin kuɗin mota ya zo.

Mun san abin da wasu ke faɗi a fada da tasha: duk wannan ɓata lokaci ne, aiki sai da hanya, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Ba za mu ce ƙarya ne ɗungum ba, ana yi, kuma abin kunya ne ga masu yi. Amma ba ko'ina ba ne, ba kullum ba ne. Ɗan kasuwar da ya zuba dukiyarsa a mangaza, ko ƙungiyar da masu ba ta kuɗi za su zo bincike, suna buƙatar wanda zai iya aikin, domin asara ba ta san dangi ba. Wanda ya shiga ɗaki da tunanin an riga an ba wani, zai amsa tambaya a sanyaye, ya faɗi, sa'an nan ya ce ai dama ya faɗa. Wannan imani da hanya shi ne kuma abincin ƴan damfara. Sai a kira mutum a salula, a ce an zaɓe shi, ya turo jikka kaza na «buɗe dosiye» ko na «riƙe masa wuri». Kada a tura ko dala. A taka zuwa biron da aka ambata, ko a tambayi ANPE ko da gaske akwai wannan sanarwa.

In an gama, a yi godiya, a tambayi lokacin da za a ji sakamako, a fita ba tare da roƙo ba. «Ku taimake ni, ina da iyali» magana ce mai taɓa zuciya, amma duk waɗanda ke benci suna da iyali. Da an koma masauki, tun abin bai gushe ba, a rubuta tambayoyin da aka yi da inda aka yi tuntuɓe, domin ganawa ta gaba da wuya ta rasa irinsu. Lambar wayar da aka sa a CV ta zauna a kunne da caji, kuma in mutum zai koma ƙauyen da ba a samun layi, ya bar lambar wani amintacce. In lokacin da aka faɗa ya wuce da mako guda ba labari, ba laifi a leƙa ko a kira sau ɗaya cikin ladabi.

Wanda aka kira aka ce ya zo ya sa hannu, kada murna ta sa shi gaggawa. Ya karanta kwantiragin tun daga farko har ƙarshe, ya duba ko albashin da aka faɗa da baki shi ne a rubuce, da sunan aikin, da garin da zai zauna, da tsawon gwaji. In Faransancin takardar ya fi ƙarfinsa, ya nemi a ba shi kwana ɗaya ya kai wa wanda zai fassara masa, ko ya nufi ofishin sufeton aiki. Ya karɓi kwafinsa ya adana tare da sauran takardunsa, kuma bayan ya kama aiki ya tambayi lambar rajistarsa ta CNSS, domin da ita ake lissafa masa shekarun fansho da kuɗin iyali.